Dondiba da Jar Bas ta Ƙarfe Bakwai

A takardar gwamnati, ƙauyen Pangarwadi mutum ɗari huɗu da sha biyu ne. Ƙasarsa hekta ɗari shida, rabinta duwatsun da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Hanya ɗaya ce ta shigo, jar bas ɗaya ke bin ta, ƙarfe bakwai na safe. Da an gama bikin Diwali sai majiya ƙarfi su ɗaura wa shanu amalanke, su tafi yankan rake wata shida, a bar tsofaffi da karnuka.

Cikin waɗanda ake bari akwai Dondiba Shelke, mai sanƙon da ake hangowa tun daga rijiya, mai gwiwar da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Shi ne kwandastan bas ɗin, mai suna Baban, ya tsegunta wa magana wata safiya.

"Baba, ofis sun ce motar da ke komawa wayam, soke ta za a yi."

Motar nan ce ke kawo wa Dondiba 'yarsa Sunanda daga gidan miji, ita ce kuma ke kai mara lafiya asibiti, kilomita talatin. Washegari ya naɗa rawaninsa ya hau ta, don kada ta koma wayam. Ya sauka a mararraba, ya sha shayi, ya tako kilomita uku zuwa gida. Haka kullum, shekara huɗu.

"Uban Sunanda," in ji matarsa Shewanta, "in budurwa ka yi a mararraba, ce mata ta zo ta taya ni kwasar kashin shanu."

"Ta ce sai kin mutu tukuna."

"To ta shirya tsufa a gidan ubanta."

Rana ɗaya ce a wata ba ya fita, ranar da wata ya ɓuya, domin a nan ko kan iyakar gona ba a ƙetarewa da sunan tafiya a irin wannan rana. Sai ga Baban da labarin cewa mai duba yawan fasinja daga ofis zai biyo motar ran Asabar. Dondiba ya duba kalandar bango. Asabar ɗin ce ranar ɓuyan wata.

Ya kwana biyu yana juya gurasar dawa a faranti bai ci ba. Ran Juma'a ya ɗauki sanda ya bi gida gida, ya fara da gidan wata tsohuwa, Gangu.

"Yaya Gangu, gobe za mu ɗakin bautar mararraba."

"Gobe? Ka gaji da duniya ne, mai sanƙo?"

"Wanda ya je gaida ubangijinsa ai ba tafiya ya yi ba, kira ya amsa. Ko tsoro kike a tambaye ki kwakwar da kika yi masa alkawari tun aurenki?"

Gangu ta zage shi tas, sannan ta tambaye shi ƙarfe nawa.

Da bas ta tsaya ran Asabar, tsofaffin mata sha tara ne a gindin bishiya, kowace da kwakwa da kwalbar mai. Shewanta ta ɗaura wa sandar mijinta lemun tsami da barkono bakwai don korar sharri, ta koma ta ɗaura wani a goshin motar. Mai duba fasinja a tsaye ya yi tafiyar, domin Gangu ta tashe shi daga kujera.

Ba a soke motar ba. Da masu rake suka dawo a watan Afrilu, ita ta sauke mata da jarirai a bakin rijiya. Suka ji labari, suka haɗu suka saya wa Dondiba sabon takalmi, don na da ya zama faifai. Ya sa, ya taka sau biyu, ya ce yana cizonsa. Amma da shi ya je tarbar Sunanda da safe, yana ɗingishi, bakinsa har kunne.