Kwalba Mai Lamba Huɗu

Wautar da zan faɗa ba ta ƙuruciya ba ce. Da farin gemuna na yi ta, kuma ranar ina ganin duk ƙauyenmu ba wanda ya kai ni wayo. Bokona bai wuce aji biyu ba na gudu na koma jirgin mahaifina, amma ban taɓa yarda akwai mai farar riga da zai yi mini dabara ba.

Damina ce, kogi ya cika, amai da gudawa ya shigo ƙauyukan bakin ruwa. Namu yana tsallake, sai da jirgi ake zuwa Yelwa. Aka turo wata ma'aikaciya daga ɗakin gwaji na asibiti, sa'ar ɗiyata ta biyu, ta zo ɗibar ruwan rijiyoyi. Ni aka ce in ɗauko ta, don jirgina yana da inji.

Rijiya biyar muke da ita, ɗaya tawa ce. Mahaifina ya haƙa ta, kuma duk gidajen gefenmu nan suke sha. Na riga na ji a bakin kwata cewa wani ƙauye wajen Shanga irin waɗannan mutane sun je, bayan kwana biyu aka rufe musu rijiya. Wanda ya ba ni labarin maƙaryaci ne sananne, amma ranar na ga damar yarda da shi.

Saboda haka na zuba wa ma'aikaciyar ido. Ba ta karɓi gugana ba, nata igiyar ta ɗaura wa kwalba. Kafin ta zura na hango wani farin gari a gindin kwalbar, kamar gishiri. Na tambaye ta mene ne, ta ce magani ne da ke sa ruwan ya isa asibiti yadda aka ɗebo shi. Na gyaɗa kai. A raina na ce to ga cutar nan, tun daga gida suka taho da abarsu, gobe su ce a rijiyata suka samo. Ta rufe, ta rubuta lamba huɗu, ta sa cikin kula mai ƙanƙara.

Da ta gama, sai ta ce za ta tsaya karɓar bayan gidan marasa lafiya, ni kuma in yi gaba da kular, don ruwan ba ya son ya wuce wasu awoyi, abokin aikinta na jirana a kwata.

A tsakiyar kogi na kashe inji. Mu masunta tun muna yara mun san ruwan tsakiya, mai gudu, shi ne ruwa. Daga shi muke kamfata mu sha, da shi muke alwala. Na ciro lamba huɗu, na zubar, na ɗauraye garin nan tas har da sa yatsa, na cika ta da ruwan tsakiya, na mayar. Har waƙa na yi kafin in kai Yelwa.

Bayan kwana biyu mai gari ya kira ni. Ya ce rijiya huɗu cikin biyar da dama-dama, amma tawa ta fi ƙarfin magana, a daina sha sai an zo an duba. Aka ɗora mata kwano, aka danne da duwatsu.

Ban ji kunya ba, fushi na yi. Na ce ashe zatona gaskiya ne, ko me ka kai musu abin da suka shirya faɗa za su faɗa. Na shiga jirgi na tafi asibitin, na ce sai an nuna mini cutar da idona. Na ɗauka za su kore ni. Sai ma'aikaciyar ta ba ni kujera nesa da tebur, ta ce kada in taɓa komai.

Ta ɗauko wasu ƙananan faranta na roba masu murfi, a cikinsu wani abu kore ya daskare kamar kamu. Ta ce abincin ƙwayoyin cuta ne. Ana tace ruwan a wata farar takarda, a kwantar da abin da ya tsaya cikin romon da suke so, sannan a shafa a kan koren nan, a sa cikin akwati mai ɗumi irin na jikin mutum, a bar su su kwana su hayayyafa har ido ya gan su.

Na ce, "Wato kiwonsu kuke yi, kamar kaji."

Ta ce, "Kamar kaji, Baba, sai dai ba ma kai su kasuwa."

Farantin lamba huɗu ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, kamar an watsa gero. Na ce ai kowane ruwa da 'yan halittunsa, ta yaya ta san waɗannan ne ke kwantar da mutane. Sai ta ajiye wani farantin kusa da shi, na bayan gidan wani mara lafiya, ɗigon iri ɗaya. Ta ce kama ba ta isa ba, don haka ta ɗebi kaɗan ta gauraya da wani ruwa a kan gilashi, suka dunƙule kamar madarar da ta tsinke, alamar su ne. Sauran kuma an tura babban ɗakin gwaji a ga ko suna ɗauke da dafin da ke tsiyaye ruwan cikin mutum.

Na fito da makamina na ƙarshe, na ce farin garin nan fa. Ta yi murmushi, ta nuna mini faranti na shida, fes, ko ɗigo babu. Ta ce kwalba ce irin sauran, da garinta, ta cika ta da dafaffen ruwa, kwalbar ta shiga jirgina ta dawo tare da su. Da garin ne ko kular, da wannan ma ya tsiro. Wato tun kafin in zarge ta, ita ta riga ta zargi kanta.

Na yi godiya na fito ban faɗi abin da na yi ba. A hanya ina ta neman inda ƙaryarta take, ban samu ba. Na kashe inji a daidai wurin nan, na daɗe ina kallon ruwan. Ƙishirwa nake ji, amma ban kamfata ba.

Da na iso kwatarmu sai na tarar da mata jere da bokitai. Sauran rijiyoyin suna can ƙarshen gari, ga layi, ga kogi a ƙofar gida. Tun da aka rufe tawa nan suka koma. An ce a riƙa tafasawa, amma itace jiƙe yake a damina. Ga mai ɗakina cikinsu, ruwa har gwiwa. Na ce ta zubar. Ta ce in ba ta da rijiya kuma ba ta da kogi, ko hawayena za ta dafa tuwo da shi. Matan suka yi dariya. Ni kaɗai a duniya na san ruwan da ya yi geron nan a faranti.

Na so in ce na ji a asibiti kogi ba kyau, in tsira da mutuncina. Amma hakan ba zai buɗe rijiya ba. Da na shiga gida aka ce mini maƙwabcina, tsohon da muka yi shekara talatin muna jan taru tare, ya fara amai da gudawa tun hantsi.

Ni na kai shi Yelwa, kwance a jirgina, kafin la'asar. Da aka sa masa ƙarin ruwa, na zagaya ɗakin gwajin, na cire hula, na faɗa wa ma'aikaciyar komai, har da yatsan. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta ga ruwan ya fi na rijiya duhu, ta yi niyyar komawa ta sake ɗiba, aiki ya danne ta. Washegari ta zo da sabuwar kwalba, kuma wannan karon kular a cinyarta ta riƙe har Yelwa.

Rijiyar ta fito da ɗan datti, amma babu mai ruwan ɗorawa. Aka zuba mata magani aka buɗe, mai gari ya sa aka yi shela a bar kogi. Maƙwabcina ya tashi bayan kwana biyar, ya rame kamar busasshen kifi. Ko daga kogin ya samo ko daga wani wuri, ma'aikaciyar ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Ni ma ban matsa ba. Har yau in zai sha ruwa a gidana sai ya tambaya ko lamba huɗu ce.

Ranar da aka buɗe rijiyar na mayar da ma'aikaciyar Yelwa. Tana fita daga jirgi, da kularta a hannu, ta juyo ta ce:

"Baba, da ruwan kogin ya fito fes, ita kuma rijiyar ce ke da cutar, yaushe za ka zo ka gaya mini?"

Na sunkuya ina gyaran igiyar inji, wadda ba abin da ya same ta.