Gyatsar Akuyata da Ɗumamar Duniya

Shekaruna saba'in da takwas, kuma ba na neman tausayin kowa.

Jiya surukina ya ziyarce ni a Mahuta, ya share tuwo malmala uku, sannan ya dubi akuyata.

"Mama, ƙasashen duniya sun amince a rage iskar da ke ɗumama duniya, har da gyatsar dabbobi. Ku sayar da ita, ku dawo wurinmu ku huta."

Na ce, "Baban Amira, shekara talatin na koyar da kimiyya. Tun zuwanka nake ƙirge: ita gyatsa biyu, kai bakwai."

Jama'a, ku yi mana alƙalanci. Ni dai na bi umarnin duniya: akuyata tana nan, ina gidana, shi kuwa da ya dawo yau, malmala ɗaya na ba shi.