Ranar da Na Goge Muryar Baba

Akwai abin da mutum yake mantawa ko bai so ba, akwai kuma wanda yake roƙon Allah ya mantar da shi amma ya ƙi tafiya. Nawa na biyun ne. Ko zan yi shekara ɗari a duniya ba zan manta ranar da na sa yatsa na goge muryar mahaifina ba. Ba wuta ce ta ɗauke ba, ba na'ura ce ta lalace ba. Ni ne da hankalina, har ina ganin gwaninta nake yi.

Mahaifina makaɗin gurumi ne, amma ba na biki ba, masu ginar rijiya yake yi wa kiɗa. Duk wanda ya san ƙasar Dakoro ya san rijiya a nan ba wasa ba ce, sai a yi gaba talatin ko arba'in ana tono kafin a ga danshi. Baba yakan zauna a bakin ramin yana kaɗawa yana kiran sunan wanda ke ciki, don ya san ba a manta da shi ba. Daga wannan aikin ya haɗa wata doguwar waƙa da muke kira waƙar rijiyoyi. Takan fara daga rijiyoyin kudu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har Azagor da Tagriss, kowace da wanda ya gina ta, da zurfinta, da ɗanɗanon ruwanta, da wanda ƙasa ta rufta wa a ciki in akwai. Ba a rubuce take ba. Ƙanensa Baffa da wani maƙwabcinmu suke yi masa amshi, kuma amshin kaɗai suka riƙe.

Ni ban gaji gurumi ba, kunyarsa ma nake ji lokacin ina lakkwal, wato makarantar boko. Maraɗi na tafi na koyi aikin sitidiyo, na dawo da wata na'urar ɗaukar waƙa, tsohuwar hannu, mai layi takwas da diski a cikinta inda take ajiye komai. Amfaninta shi ne kowane sauti da layinsa, kamar kunya a gona. Ka ɗauki murya daban, kiɗa daban, amshi daban, sannan ka zauna ka haɗa yadda kake so. Na kama shago mai ciki biyu kusa da tasha, na lulluɓe bangon ɗakin ciki da tsofaffin katifu, na zama abin kallo a gari. Baba bai taɓa kirana da sunana ba tun da ni ne ɗan fari, sai ya samu sabon suna, yake ce mini mai akwati.

Wata safiya bayan an fara yankan gero sai ga shi ya shigo shago da gurumi a kafaɗa, Baffa da maƙwabcin nan suna biye. Ya ɗan rame, kuma akwai wani tari da ya maƙale masa tun tsakiyar damina.

Ya ce, "Mai akwati, na zo ka zuba ni ciki. Waƙar rijiyoyi nike so ka ɗauka, tun daga hwarko har ƙarshe."

Daɗi ya kama ni, amma ba irin daɗin da ya kamata ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne yau tsoho zai ga abin da na koyo.

Suka shimfiɗa tabarma guda suka zauna gwiwa da gwiwa, yadda suka saba shekara da shekaru. Na ce ina, ba haka ake yi ba. Na shigar da Baba ɗakin katifu shi kaɗai, na ajiye masa mikro, abin ɗaukar murya, na rufe ƙofa. Na gaya masa wannan na jagora ne kawai, wato wanda sauran za su riƙa ji a kunne suna bi, na gaskiyar sai daga baya. Ya dube ni ya ce to.

Ya yi ta daga farko har ƙarshe bai tsaya ba sai sau ɗaya da ya kurɓi ruwa. Ta kusa minti arba'in. Muryar ta dushe, tari yana kutsowa tsakanin baiti da baiti, kuma da ya zo rijiyar da ta rufta wa wansa sai muryar ta karye, ya yi shiru gurumin yana tafiya shi kaɗai, sannan ya ci gaba. Ina zaune da kas a kunne, abin sauraron nan, ina kallon ƴan fitilun na'ura suna hawa suna sauka. Wallahi abin da nake ƙirgawa shi ne tari. Goma sha ɗaya na ƙirga. Wannan shi ne layi na ɗaya.

Bayan haka na sa ya kaɗa gurumi zalla a layi na biyu, ba waƙa. Sannan na shigar da ƴan amshi ɗaya bayan ɗaya, na sa musu kas.

Baffa ya ce, "Yaro, ƙaƙa zan amsa ma mutumin da ban gani ba? Ni bakinai nike kallo."

Na ce, "Baffa, ka bi kunne kawai, haka ake yi ko'ina."

Ya yi, yana gunaguni. Na raba su sarai, ba wanda muryarsa ta zuba a layin wani. A aikinmu wannan shi ne ƙwarewa, kuma na yi alfahari da shi.

Da muka gama na kunna musu. Baba ya sunkuyar da kai yana saurare, yana gyaɗawa a hankali. Da ta ƙare ya ce, "Ta yi. Sa mani a ɗan katin nan na radiyo in kai ma uwarka ta ji."

Na ce, "A'a Baba, wannan ba ta fita. Duk tari ne. In ka warke ka dawo mu ɗauki mai tsabta, sannan a ji."

Ya yi murmushi ya ce, "Tarin ma ai nawa ne."

Na yi dariya, na ɗauka raha ce. Sa waƙar a kati ba zai ci mini minti biyar ba, amma na hana, don kada wani ya ji a gari ya ce aikin shagona ke nan. Ya rataya guruminsa suka tafi.

Sati biyu ina kan waƙar nan kamar mahaukaci. Na sa piyano, na sa ganga ta na'ura, na sa wani kiɗa mai kauri a ƙasa, na sa tafi. Ba wanda ya ce in sa. Layi takwas suka cika. Ranar kasuwa sai ga wani makiyayi ya biyo ta ƙofar shago yana busa sarewa, busa mai shiga jiki, nan take na ji ita ce waƙar Baba ta rasa. Na tsayar da shi. Ya ce in zan yi in yi yanzu, da la'asar motarsu za ta tashi arewa, kuma bai san ranar dawowa ba.

Na duba, ba layi. Na bi su ɗaya ɗaya da ido. Piyano na sha wahalarsa. Ganga ita ce ƙashin bayan abin. Idona ya sauka kan layi na ɗaya, mai tari goma sha ɗaya. Na ce a raina, makiyayi zai tafi, Baba kuwa yana gida, tafiyar minti goma ce tsakaninmu. Na danna jan maɓalli, sarewa ta hau kan muryar Baba.

Ko a nan da sauran dama, don na'urar takan ɓoye abin da aka taka, ana iya komawa baya. Amma da na zo ajiyewa sai ta ce diski ya cika. Akwai wani wuri da ake shiga a share duk tsofaffin abubuwan da aka taka don a samu fili. Na shiga. Ta tambaye ni da Faransanci ko na tabbata. Na ce e. Ta sake tambaya, ta ce in an yi ba a dawowa. Na ma ji haushinta, na danna da ƙarfi.

A satin Baba ya tafi ƙauyenmu na wajen Mai Yara don a ɗaure dammunan gero a gabansa. Can tarin ya kwantar da shi. Aka kawo shi gidan likita a amalanke, numfashi yana fita da ƙyar. Ina riƙe da hannunsa ya buɗe ido ya ce, "Mai akwati, rijiyoyina suna nan ko?" Na ce, "Suna nan, Baba." Ya ce alhamdu lillahi. Kwana uku bayan nan ya rasu. Ƙarya ce maganar kirki ta ƙarshe da na gaya masa.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Tana takaba, ba ta jin kiɗa. Ta ce, "Ya hwaɗa mani ya bar waƙarshi wurinka. In na hita takaba zan zo in ji." Na ce to, ban iya ɗaga ido ba.

Wata huɗu da kwana goma na yi ina neman abin da na san babu. Na kunce diskin na kai Maraɗi wurin maigidan da ya koya mini aiki. Ya jona shi a ordinatarsa, wato kwamfuta, ya yi yini yana tono, ya cire tabarau ya ce, "Ka share, kuma ka yi aiki a kai. Ko wanda ya ƙera ta ba shi hiddo ta." Na dawo na zaunar da Baffa, na ce ya tuna. Ya kawo rijiya shida, ya haɗa mai ginin wannan da ruwan waccan, ya tsaya, ya sake, sannan ya fashe da kuka ya ce shi amshi ya sani. Na je wurin tsofaffin maginan da suka rage, kowa baitin rijiyarsa kaɗai ya riƙe, shi ma rabi. Waɗanda ƙasa ta rufta wa kuwa ba mai baitinsu, don ba su nan balle su riƙe. Na daina cin abincin kirki. Samari suna zuwa ɗaukar waƙa ina korarsu.

Ranar da Inna ta fita takaba da hantsi ta zo shago, Baffa yana gaba. Ba ta taɓa shiga ba sai ran nan. Ta zauna a kan benci ta gyara mayafi ta ce in kunna. Sai na kashe piyano da ganga da sarewa da duk tarkacen da na ɗora, na bar gurumi da amshi.

A farkon layin gurumi akwai wani ɗan guntu da ban yanke ba. Baba ya manta ya buɗe baki zai fara waƙa, sai aka ji muryata daga bayan ƙofa ina cewa, "Baba, baki rufe, gurumi kaɗai nake so." Shi kuma ya ce, "To." Wannan kalmar ita ce duk abin da ya rage na muryarsa a duniya.

Gurumi ya ɗauka. Ya yi ta tafiya ba kowa a kansa, sai can Baffa da maƙwabci su amsa da ƙarfi. Shiru kuma. Su sake amsawa. Mutum biyu suna ta amsa wa wanda ba ya nan. Baffa ya tashi ya fita waje.

Inna ta jira har amshi na biyar, sannan ta ce, "Ina shi?"

Na durƙusa na gaya mata komai, har sarewar, har tambaya biyun da na'ura ta yi mini. Na so ta zage ni. Na so ta ɗaga hannu ta mare ni a gaban mutanen tasha, da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dubi na'urar, sannan ta ce, "Shekara arba'in ina jin waƙar nan ta bayan zana ina daka, ban riƙe ko baiti ɗaya ba, don ina ganin kullum yana nan. Kai ma haka ka gani. Kashe, ɗana." Ta miƙe ta tafi, ba ta sake tayar da maganar ba har ita ma ta bi shi.

Na ci gaba da aikin, don ba ni da wani. Yanzu na'urorin sun fi waccan, layi ba iyaka, ba wanda zai sake rasa wuri kamar yadda na rasa. Wannan bai rage mini komai ba. Rijiyoyin suna nan, ana jan ruwa kullum, shanu suna sha, amma yawancinsu ba wanda zai gaya maka wa ya gina su, ko wa ya kwanta a ƙasansu. Mutum ɗaya ya ɗauko wannan a kansa tsawon rai, ya kawo mini har shago da ƙafarsa, ya damƙa mini.

Abin da na koya bai da yawa, kuma ya zo a makare. In mutum ya ba ka abin da ke bakinsa yau, ka karɓa yadda ya zo, da tarinsa da dushewarsa, ka adana kafin ka fara tunanin gyara. Ni na ce wa mahaifina ya je ya warke ya dawo, kamar ranar a hannuna take. Shi ya san abin da yake ji a ƙirjinsa, shi ya sa ya zo da sassafe. Ni ne ban gane ba.