Sunan Kakata

Ƙamshin awarar da ake soyawa a ƙofar gidanmu na Unguwar Sarki yana shigowa ta taga a yammacin da na miƙa wa aminiyata wayata. Tare muka gama jami'a, kuma aiki ɗaya muke nema ta shafin nan na intanet inda ake haɗuwa da masu ɗaukar ma'aikata.

Ina lallaɓa asusuna kamar shukar fure. Ba na tura wa baƙi gayyata barkatai, don na ji ana rufe wa mutum saboda haka. Abu ɗaya ke damuna. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don kunya ba mai kama shi a gida. Da laƙabi na tashi, shi kuma na rubuta a shafin.

Na ce, "Ƙawata, ko in mayar da shi na jikin katin ɗan ƙasa?"

Ta yi dariya. "Kin cika tsoro, 'yar Baba. Wa zai ɗauki mai sunan tsofaffi? Bar wannan, ya fi daɗi."

Na bar shi. Mako biyu bayan haka aka dakatar da asusun, aka nemi katina, sunayen ba su zo ɗaya ba. Kafin a buɗe mini, saƙon kiran ganawa ya wuce ni. Ita ta samu aikin, ni na raka ta kasuwa zaɓen atamfar fara zuwa ofis.

Sai bayan shekara biyu ƙanwarta ta ambata cikin hira cewa yayar tata ma an taɓa rufe mata saboda laƙabi. Ta gyara nata wata guda kafin wannan yammacin.