Takardar da Alhaji Ya Ba Ni Ajiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji. Ni ban iya rubutu ba. 'Yata Rakiya ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. In kun ga magana ta karkace, tawa ce.

Dillalin shanu ne a karar Akinyele, wato kasuwar shanu. Duk mahaucin da ya samar wa sa mai kyau, in an yanka sai ya aiko masa da tozo don girmamawa. Ni kuwa duk unguwarmu ta Sabo an san ni da iya dafa tozo. In soya shi da kitsensa, in zuba man shanu a miya har ya kwanta a sama. Yana ci ina kallo. Fiye da shekara talatin haka muka yi.

Wata shida kafin ya rasu ya fara kukan jiri da nauyin ƙirji. Ya je asibiti aka ɗibi jininsa. Ya dawo da takarda a ninke huɗu, ya miƙo min.

"Ajiye min, Hajiya. Lafiya lau."

Na sa ta a ƙasan kwalla. Kashegari ya kira wanzami ya yi masa ƙaho. Wanzamin ya nuna min jinin, baƙi, mai kauri kamar kunu, ya ce wannan shi ne jinin maza. Na ji daɗi. Mu nan ƙarancin jini muke tsoro, ban taɓa jin wanda yawansa ya kayar ba. Ranar har ƙara masa tozo na yi.

Da hantsi ya faɗi a zaure, yana sa takalmi. Kafin motar da ta ɗauke shi zuwa asibiti ta kai unguwar Mokola rai ya yi halinsa. Na yi kuka, har yau ina yi. Sai dai yanzu hawayen zuba kawai suke, kamar randa mai tsaga. Ciki shiru.

Watan jiya ɗana Sani, wanda ya gaji karar da tozon duka, ya shigo ɗakina da takarda a ninke huɗu.

"Ajiye min, Inna. Lafiya lau."

Na karɓa, amma ban kai ta kwalla ba. Ta Alhaji da ke ciki na fito da ita, na aika aka kira Rakiya, wadda yanzu gwajin jini ne aikinta. Ta shimfiɗa su biyu a tabarma, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi min bayani yadda zan gane. Kitse ya yi yawa a jinin babanta. Jajayen ƙwayoyin jininsa ma sun yi yawa, shi ne kaurin da wanzami ya yaba. Kitsen yana rage faɗin hanya, jinin da zai bi ta kuma ya yi kauri, zuciya tana ta turawa. Ta ɗora yatsa a kan ta Sani ta ce, "Inna, wannan ma hanyar ta kama." Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ko Alhaji ya san abin da ke ciki? Ban sani ba. Karatun allo ya yi, boko bai shiga kansa ba. Wataƙila an faɗa masa ya ɓoye, wataƙila shi ma ajiya ya kawo min, ni 'yar'uwarsa a rashin sani. Shekara goma sha ɗaya ina kwana kusa da amsa, ban san amsa ba ce.

Da zai leƙo yau ya ga miyar gidansa ba man shanu, na san abin da zai ce: "Hajiya, ɓarayi ne suka shigo?" Zai yi dariya, ya nemi a kawo masa na gaskiya. Ban san ko zan iya hana shi ba.

Me ya rage nasa? Hula biyu, carbi, mahautan da har yanzu suke aiko da tozo saboda shi. Sai muryarsa a bakin Sani, da jininsa a jikin Sani.

Shekaranjiya aka aiko da tozo, na sa aka kai wa maƙwabta. Sani ya shigo yana faɗa.

"Haba Inna, so kike a ce gidan Alhaji an daina cin nama?"

Na sa Rakiya ta karanta masa takardarsa da ƙarfi, a gaban matarsa. Rakiya ta ce ranar Alhamis za su koma wurin likita tare. Da ta gama na miƙa masa abarsa.

"Ta ubanka na ajiye," na ce. "Taka riƙe a hannunka."