Kwamfutar Surukina

Shagona yana Gusau, na fi shekara goma ina gyaran kwamfuta a cikinsa. Na ƙona kayan mutane, na tashi na wasu daga mutuwa, an zage ni na rama, don ba ni da haƙuri, wannan kowa a layinmu ya sani. Amma aikin da har yau in na tuna shi abinci ke fita raina, babu abin da ya ƙone a cikinsa. Aiki ne mai tsabta, har albarka aka sa mini a kansa.

Surukina, mahaifin matata, tsohon hedimasta ne. Ya yi ritaya ya zauna a Bungudu, amma asalinsa mutumin Nahuce ne. Tun yana aiki yake yawo da littattafan rubutu irin na 'yan firamare. Duk tsohon da ya samu sai ya zaunar da shi ya yi ta tambaya: wa ya haƙa rijiya kaza, gidan su wane daga ina suka taso, gero iri nawa ake shukawa a da, don me aka bar wani iri. Littattafan sun cika akwatin ƙarfe guda. Rubutun ciki kuwa shi kaɗai ke karanta abinsa, rabi boko rabi ajami, ga wasu alamomi da ya ƙago don sauri. Da ya ajiye aiki sai ya ɗaura aniyar juye su a kwamfuta su zama littafi ɗaya. Ana cikin haka likita ya ce yana da hawan jinin ido, ganin zai yi ta raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Burinsa ke nan, ya gama littafin kafin idon ya gama tafiya. Duk gidan an san haka, ni ma na sani.

Kwamfutar tsohuwa ce tukuf. Wani abokin aikinsa ya haɗa masa ita kafin a yi masa canjin gari. Ba ta da monita, wato allon kallonta, an jona ta ne da wata ƙatuwar talabijin mai doro. Matata ce ta faɗa mini, ni ban taɓa gani ba, don ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Ina ni ina ɗakin suruki? Iyakata zaure. In cire takalmi tun daga waje, in durƙusa, kaina a ƙasa, mu gaisa, ya sa albarka, in tashi. Matata kuma ita ce ɗiyar fari, ko sunanta ba ya kira, duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin Inna, mahaifiyarta, take bi.

Injiniya yake ce mini, kuma har yau ban san ko yabo ne ko zolaya ba. Lokacin da nake neman aure, labari ya zo mini cewa ya tambaya ko ni ma cikin masu tura wa mutane waƙa a waya nake. Wata ƙila ma bai faɗa ba, mutane da ƙarin gishiri. Amma maganar ta zauna mini a rai shekara da shekaru, ina jiran ranar da zan nuna masa.

Gab da faɗuwar damina ranar ta zo. Kwamfutar ta fara mutuwa da kanta yana tsakar rubutu. Ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa matata, matata ta gaya mini. Na hau babur na tafi Bungudu, na tarar an fito da ita zaure an rufe ta da tsohon zane. Da zan ɗauka ya ce, "Injiniya, a duba ta dai, kada a wahala. Yadda take ɗin nan ta ishe ni." Na ce to, Baba. A raina na ce kara ce kawai irin ta manya.

Da na buɗe ta a shago ban ɗauki minti biyar ba na ga ciwon. A cikin kowace kwamfuta akwai babban faranti da komai ke manne a jikinsa, mu madabod muke ce masa. Wasu 'yan ƙananan kafasito biyu ne suka kumbura a kansa, kamar waken da ya kwana a ruwa. Aikin awa ɗaya ne, a cire a liƙa wasu da dalma. Wallahi ina da su a cikin gwangwani a gabana. Amma sai na ce, haba, ni da shagona a Gusau, surukina na fama da wannan gwangwan? Na rufe gwangwanin kafasito na tashi na shiga kasuwa.

Na sayo sabon madabod da duk abin da ke tafiya da shi, na sa sabuwar manhaja, na kwashe rubuce-rubucensa kaf na zuba a ciki, ko harafi bai ɓata ba. Saura katin hoto. Shi ne ɗan farantin da ke fitar da abin da ake gani zuwa sikirin, ana soke shi a wani gurbi a jikin madabod. Nasa tsoho ne, fankarsa ma an ɗaure ta da 'yar waya, a bayansa akwai wata kafa zagayayya rawaya. Na gwada soka shi a sabon bodin ya ƙi. Na juya, na ƙara gwadawa. Haƙoransa daban, gurbin daban, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Irin gurbinsa an daina yi tuntuni. Na yi dariya na ce wa maƙwabcin shagona ya zo ya ga kayan tarihi. Ai sabon bodi yana fitar da hoto da kansa, wa ke neman wannan? Kafar rawayan nan kuwa na san ta talabijin ce, amma na yanke wa kaina hukunci cewa rashin monita ne ya sa yake lallaɓawa da talabijin. Sai na ƙara masa da monita siririya mai sheƙi. Tsohon bodin na ba 'yan gwangwan washegari. Katin kuma na sa a leda na haɗa masa da kayansa, don kada a ce na riƙe wani abu.

Na kai zaure ina ta bayani kaina a ƙasa, cewa yanzu gudunta ya ninka, ba sauran buƙatar talabijin, ga monita, rubutu zai fito siriri tas. Na ji ƙarar leda, yana juya katin a hannunsa. Ya tambaya ko wannan ba shi da sauran aiki, na ce ai ya mutu murus, Baba, ba ya shiga. Sai ya ce, "To madalla. Allah ya yi albarka, ya ba ku masu yi muku." Ya ce in bar ta nan, zai shigar da ita da kansa, ya san inda ake jona komai. Na dawo Gusau ina jin kaina wani babba.

Damina ta yi, aka yi noma, aka yi girbi. Duk zuwan da na yi sai na tambaya, Baba ya kwamfuta? Ya ce tana nan lafiya lau. Ai kuwa lafiyarta lau, ba ƙarya ya yi ba. Ni ne ban taɓa tambayar ya rubutu ba. Matata ta ce in ta je ba ta jin ƙarar madannai kamar da, na ce mata sabon kibod ne, ba ya ƙara. Dubi wannan amsa don Allah. Har faɗa na yi mata, na ce mutum ya yi abin kirki sai an nemo masa aibu.

Bayan an gama sussuka, wani abokin sana'ata da ke da shago a Tsafe ya shigo Gusau sayen kaya, ya biyo ta wurina. Muna cin gyaɗa muna zagin kwastomomi, sai ya ce bari ya ba ni labarin wani dattijo. Wai can tsakiyar damina wani tsoho dogo mai tabarau mai kauri ya zo masa da kwamfuta a cikin buhu, da wani tsohon kati naɗe a hankici, ya ce a taimaka a mayar masa da shi ciki. Ya ce daga Bungudu yake. Abokina ya ce masa, Baba ka baro masu gyara cike da Gusau ka zo nan? Tsohon ya ce akwai dalili. Abokina ya nuna masa cewa katin ba ya shiga, sai in an samo tsohon bodin. Sai tsohon ya ce shi dai talabijin ɗinsa yake so, don a nan ne baƙaƙe ke fitowa manya yana ganinsu, wannan siririn allon haske kawai yake gani a cikinsa. Abokina ya ce a lokacin layi ya yi masa yawa, ya ce masa ya koma wurin wanda ya yi aikin. "Ko wane sakarai ne ya canza wa tsoho bodi bai tambaye shi ba, oho," in ji shi.

Na tambaye shi ko fankar katin an ɗaure ta da waya. Ya ce ya aka yi na sani.

Wanda bai san hanyar ba, daga Bungudu ba a zuwa Tsafe sai an ratsa Gusau. Motar da ya shiga ta wuce ta bakin layinmu, ya sauka a tasha ya canza wata, da buhu a hannu, da idon da ba ya gani sosai, a kan hanyar da ko mai lafiya sai ya yi addu'a kafin ya hau. Haka kuma ya dawo ya sake wuce ni. Duk don kada surukinsa ya ji cewa kyautarsa ba ta yi ba. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na ce wannan wace irin kunya ce da za ta ci mutum har haka? Kalma ɗaya fa. Amma haushin bai daɗe ba ya juyo kaina, domin ya faɗi kalmar. Ya ce yadda take ta ishe shi, ni ne na ƙi ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin ba wani abu ba ne. Akwai ɗan akwati kamar na ashana da ke karɓar hoto daga sabon bodi ya miƙa wa tsohuwar talabijin. Ko shi babu, a cikin manhajar ana iya ƙara girman baƙaƙe su zama ƙatti, danna uku ne. Da sau ɗaya na zauna kusa da shi na ga yadda yake aiki, da an wuce wurin. Wata bakwai kwamfutar na ɗakinsa, ni ina zaure ina karɓar albarka.

Na samo ɗan akwatin a ranar. Washegari da hantsi na ɗauki matata muka tafi. Na ce mata ta gaya wa Inna yau sai na shiga ɗakin Baba, in an ga rashin kunyata a yafe mini. Inna ta fito da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce tun bayan ƙaramar tafiyar da ya yi da damina ya rufe kwamfutar da zane. Ya koma gwada rubutu da hannu da gilashin ƙara girma, shi ma ya bari. Ta ce an so a riƙa rubuta masa yana faɗa, amma ya ce abin yana cikin littattafan, ba a kansa ba, kuma littattafan babu mai karanta su sai shi. Ta ce in shiga.

Ɗakin ƙarami ne. Ga akwatin ƙarfen a buɗe, ga talabijin a kan tebur, ga monitata a gefe an jingine ta da bango, an goge ta tsaf. Yana zaune a kujera. Ranar na fara ɗaga kai na dubi fuskar mutumin nan sosai, bayan shekara tara da auren ɗiyarsa. Na ce, Baba na yi kuskure, na zo in mayar da talabijin. Ya ce wane kuskure kuma, ai aiki ya yi kyau, shi ne dai tsufa ya kama.

Na durƙusa bayan tebur ina jone-jone. Na tada kwamfutar, na fara dubawa a monita, na buɗe fayil ɗin littafin. Kwanan watan da aka taɓa shi na ƙarshe, jajibirin ranar da na zo na ɗauke ta ne. Ya tsaya a tsakiyar jimla, yana bayanin wani irin gero mai saurin nuna. Na ƙara girman baƙaƙen har kalma huɗu ta cika layi. Na cire wayar monita na sa ta ɗan akwatin da na zo da shi, na soka mai kan rawaya a bayan talabijin.

Ya ji motsi ya lafa, sai ya gyara zama, ya gyara tabarau, ya juya fuskarsa wajen tebur.

"Ma sha Allah," ya ce. "Ga su nan sun fito manya-manya. Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

Na dubi talabijin ɗin. Ban riga na kunna ta ba, filoginta ma yana hannuna.