Ranar da Furera Ta Faɗi Sunan Mijinta

Ɗaliban da suka san Malama Furera a ofishin rajistar jami'a, da muryar nan tata mai tsinka layi, ba za su yarda an taɓa hana ta aiki don ta kasa magana ba. Wallahi an yi.

'Yar makiyaya ce daga Burumburum. Ta yi tallan nono, ta yi firamare da kyar, ta shiga kwalejin horon malamai. Tana koyarwa a Tudun Wada ta koyi buga tafireta, har yatsunta suka fi bakinta sauri. Abu ɗaya ta sa a gaba: digiri. An gaya mata ma'aikacin jami'a yana iya karatu yana aiki, ita kuwa mai aure da 'ya'ya ba ta da wata ƙofar. Da jami'a ta nemi akawu a 1987, mijinta Jibrin ya goya ta a babur har Kano.

Ta buga takarda ba kuskure. Sai shugaban masu intabiyu, wani baƙo daga kudu, ya tambayi wanda za a nema in wani abu ya same ta.

"Maigidana," in ji ta.

"Sunansa?"

Tirƙashi! A gidansu mace ba ta kama sunan miji, ko a ɗaki, balle gaban maza. Ta ce "Baban wane" ma ba hali, don ɗan fari shi ma ba a faɗin sunansa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Wani Bahaushe a cikinsu ya yi bayani, amma shugaban ya ce aikin na amsa waya ne da kiran sunayen mutane, ina za a kai mai kunya? Aka ɗauki wata.

Ta yi kuka, kuka na baƙin ciki. Sannan ta share hawaye ta shiga gwaji. In ta je tatsa sai ta dubi saniya ta ce, "Jib…" sai sauran ya maƙale. Ko saniyar ma kunyarta take ji, kai jama'a!

Bayan shekara biyu aka sake neman ma'aikata, kuma shekarunta sun kai gejin da aka yanka. In ta rasa wannan karon, shi ke nan. Suka koma. Ana zafi, tagogi a buɗe, Jibrin na zaune kan babur a gindin darbejiya, dab da tagar. Shugaban bai canza ba, tambayar ma haka.

Furera ta dubi tagar. Ta ji kamar ta nutse. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya kamar tana gaban aji:

"Jibrin Rufa'i Burumburum!"

Aka ce ta fara aiki farkon wata.

Suka kama hanyar gida. Ta yi zaton ya yi fushi. Sai da suka wuce kwanar Bebeji ya rage gudu, ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Ashe kin san shi. To ki riƙe shi da kyau, don ranar karɓar digiri ma sai sun tambaya wa ya kawo ki."